Man da Ka Zuba wa Kaza, a Hantarta Ake Samun Sa

A aikina na likitan dabbobi, idan aka kawo mini kazar da ta mutu farat ɗaya, hanta nake fara dubawa. A bazarar da ta wuce na feɗe kaji uku masu ƙwai daga gona guda. Duk hantarsu ta kumbura, ta koma ruwan ɗorawa, tana dagargajewa a hannu, ɗaya ma ga gudan jini kwance a kanta. Mai gonar, bawan Allah, ya ce masara yake ƙara musu, kuma saboda tsadar abinci yana kwaɓa shi da ragowar man tuya da yake saye da araha. Na tausaya masa ƙwarai, don da kyakkyawar niyya ya yi.

Saniya da tunkiya suna da tumbi, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikinsa sukan sauya yawancin mai kafin ya shiga jini. Kaza ba ta da wannan gata. Irin man da ta ci shi ke bayyana a hantarta, kuma a hantar ake haɗa kitsen da ke zama gwaiduwa.

Mai kuwa suna ne kawai ya tara shi. Man waken suya yana da fiye da kashi 50 cikin 100 na sinadarin linoleyik, wato omega-6, da kimanin kashi 7 na omega-3. Jikin kaza ba ya iya samar da linoleyik, kuma idan ya yi ƙaranci, ƙwai kan ƙanƙance, kitse ya taru a hanta. Manja kusan kashi 44 nasa falmitik ne, kitse mai daskarewa. Man gyaɗa yana da kyau, sai dai omega-3 ɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi ba manoma mamaki shi ne, ɗan mai mai kyau a madadin wani ɓangare na masara yakan rage kitsen da hanta ke haɗawa da kanta. Man da ya sha wuta har ya yi baƙi kuwa, cinye bitamin E yake yi, ya bar hanta ba kariya, ga kaza a keji ba motsi, ga zafi.

Don Allah masu kiwo, ku daina sayen ragowar man tuya. Idan kuma kaza ta mutu muku farat ɗaya, kada ku yar da ita, ku kai wa likita ya buɗe ya ga hantar.