Darasi: Yadda Jama'a Suke Haɗa Hannu Su Gina Wa Matalauci Gida

'Yan'uwa, a darasinmu na wannan wata za mu duba zancen wurin kwana. Mutumin da ba shi da ɗaki wahalarsa ta yi yawa. Ba shi da inda zai ajiye kayansa. In ya yi ciwo ba shi da inda zai kwanta. 'Ya'yansa kuma ba su iya zama a makaranta ɗaya, gama yau suna nan, gobe suna can. Bari mu ga abin da waɗansu mutane suka yi a kan wannan matsala, mu auna, mu ɗauki abin da zai amfane mu.

1. Gonar Koinoniya

A shekara ta 1942 wani malamin Littafi Mai Tsarki, sunansa Clarence Jordan, da matarsa da abokansu biyu, suka kafa gona kusa da garin Amerikus a jihar Jojiya, cikin ƙasar Amurka. Suka sa mata suna Koinoniya, kalmar Helenanci ce, ma'anarta tarayya. A can baƙi da farare suna noma tare, suna ci a tebur ɗaya. A zamanin nan wannan abin ƙyama ne ga fararen wurin. Aka ƙi sayen amfanin gonarsu, aka yi ta harbi cikin gidajensu da dare, har aka fasa rumfar kasuwarsu da nakiya a 1956. Duk da haka ba su tashi ba.

Kewaye da gonar kuwa akwai manoma matalauta, suna zaune a bukkokin katako masu yoyo, a kan ƙasar da ba tasu ba. Ran da mai ƙasa ya ga dama sai ya kore su.

2. Attajirin da ya rabar da dukiyarsa

Millard Fuller lauya ne, ɗan kasuwa kuma. Kafin ya cika shekara 30 ya tara dukiyar dala miliyan. Amma neman kuɗi ya kusa kashe aurensa. A 1965 shi da matarsa Linda suka shawarta, suka sayar da abin da suke da shi, suka ba mabukata. A 1968 suka zauna a Koinoniya. Shi da Jordan suka yanka filaye 42, kowane rabin eka, suka soma gina gidaje. Jordan ya rasu a 1969, bai ga an gama gida na fari ba. Wani ya shuka, wani ya girbe.

A 1973 iyalin Fuller suka tafi Mbandaka, a bakin kogin Kongo, cikin ƙasar da ake kira Zayar a lokacin. Suka yi shekara uku suna gwada wannan hanya a can. Da suka koma gida, sai aka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a 1976, watau mazauni domin 'yan Adam. Yau tana aiki a ƙasashe da yawa.

3. Ka'idodi uku

Ga yadda suka shirya aikin tun farko.

Na ɗaya, ba a ba da gida kyauta. Ana sayar wa iyali a kan kuɗin da aka kashe wajen ginin, ba riba, ba ruwa. Sun ɗauko wannan daga Littafin Fitowa sura 22, inda aka hana karɓar ruwa a hannun matalauci in an ba shi rance. Iyalin suna biya kaɗan kaɗan kowane wata, shekara da shekaru. Yanzu waɗansu rassan ƙungiyar sun sāke tsarin biyan, amma har yanzu ana auna shi da ƙarfin mai gida.

Na biyu, wanda za a ba gida shi ma yakan yi aiki da hannunsa, sa'o'i ɗaruruwa, a gidansa da a gidan maƙwabcinsa. Masu taimako suna zuwa su yi aiki ba lada. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, gama mun san gayya. Sa'ad da ake jinka ko yaɓe, ai mai ɗaki ba ya zama a inuwa yana kallo. Jimmy Carter, wanda ya yi shugabancin Amurka, ya soma irin wannan aiki da matarsa a birnin Niyu Yok a 1984, ya riƙa ɗaukar guduma shekara fiye da 30.

Na uku, kuɗin da iyali suka biya yakan koma asusu ɗaya, a gina wa wani da shi. Ta haka gida ɗaya yake haifar wani.

Me ya sa ba a bayar kyauta? Dalili biyu ne. In an rabar, asusu zai ƙare da sauri, na baya su rasa. Sa'an nan mutumin da ya zuba guminsa ya biya kuɗinsa yana shiga gidan da mutuncinsa, ba mai yi masa gori.

4. Wanda ba ya iya biya fa?

A nan sai mu lura da iyakar wannan hanya. Tana taimakon iyali mai ɗan abin samu. Amma mai kwana a bakin hanya, wanda ba shi da aiki, watakila yana da ciwon hauka ko shaye-shaye ya kama shi, ba zai iya biyan ginin gida ba.

A dā akan ce wa irin wannan mutum ya fara barin sha, ya sha magani, sa'an nan a ba shi ɗaki. Da yawa suka kāsa, gama yana da wuya mutum ya warke a bakin titi. A 1992 wani masanin halin ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya juya abin a Niyu Yok. Ya ce a fara ba mutum ɗaki, sauran taimako ya biyo baya. Ƙasar Finlan ta ɗauki wannan hanya a 2008. Wata ƙungiya da aka kafa a 1985, wadda ekklesiya da manyan birane suna cikin masu kafa ta, takan sayi ɗakuna ta ba da su haya mai sauƙi. Mutum yakan sa hannu a takardar haya kamar kowa, masu aikin jinya da na taimako kuma suna ziyartarsa. A 1987 marasa gida a ƙasar sun kai wajen 18,000. A 2023 ba su kai 4,000 ba.

5. Abin da ya rage gare mu

Ba mu da dala, amma muna da hannu, da ƙasa, da ciyawa, da ranar Asabar. Kafin damina ta faɗi, bari dattawa su zaga su duba ɗakin gwauruwa, da na tsoho wanda 'ya'yansa suka tafi birni, da na iyalin da rikici ko ambaliya ta koro. Gyaran rufi ɗaya ya fi sauƙi bisa ga tā da ɗakin da ya rushe. Wanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa wata biyu, rance marar ruwa zai riƙe shi a ɗakinsa. A rubuta kowane kobo a littafi, a karanta a gaban jama'a, domin asusun da babu lissafi shi ne yake raba 'yan'uwa. Kada kuma mu tambayi addinin mutum ko kabilarsa kafin mu taimake shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne ka'idodi uku ne aka bi a Koinoniya?
2. Don me ba a ba da gidajen kyauta ba?
3. Wane irin mutum ne hanyar biya kaɗan kaɗan ba ta isa gare shi ba? Me aka yi dominsa a Finlan?
4. Ɗakin wa za mu fara gyarawa a garinmu bana, su wa za su kira gayyar, a wace rana?