Agadas a matsayin zango: abin da ake dubawa kafin a shiga Tenere

Zango wuri ne da matafiyi ke sauke kaya, ya sha ruwa, ya gyara abin hawansa, ya nemi labarin hanyar da ke gabansa. Ƙasashen bakin teku suna zuba kuɗi wajen gina irinsa don ƙananan jiragen ruwan masu yawon buɗe ido. A Mindelo ta tsibiran Kap Ber, masu niyyar ƙetare tekun Atlantika kan tsaya su ɗebi ruwa da mai, a duba musu inji, a buga musu takardu, sannan su kama hanya. Agadas ba ta da teku, amma wannan aikin take yi wa masu shiga hamada tun ƙarni na 15, lokacin da Sarkin Abzin ya mai da ita mazauninsa.

A zamanin fatake aikin yana da tsari. Baƙo yana da mai masauki, ayari yana da madugu, fada kuma tana da Sarkin Turawa mai kula da ƴan kasuwar da suka zo daga arewa da harajinsu. Bajamushen nan Heinrich Barth ya tarar da wannan sarauta da ya sauka garin a 1850. Ayarin gishiri mai zuwa Fashi da Bilma, wanda ke tashi bayan damina, ba ya motsawa sai an ɗaure ciyawar raƙuma ta zuwa da ta dawowa, domin babu kiwo a hanya. Akan ajiye wasu dammuna a tsakiyar rairayi don a tarar da su a komowa. Tun a gida ake gama lissafin tafiyar.

Da mota ta zo, baƙin sun canza. A shekarun 1980 tseren motocin Paris-Dakar ya riƙa yada zango a Agadas, daga baya jirage suka riƙa sauke Turawa a filin jirgin da ake kira da sunan Mano Dayak, ana kai su Timiya da Iferwan. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, sai kuma sace ma'aikata a Arlit a 2010, suka durƙusar da wannan kasuwa. Shigar da tsohon gari cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, tare da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, bai dawo da ita ba. Direbobi da masu jagora da yawa suka koma jigilar masu haƙar zinariya a Jado, inda aka gano ta a 2014, da masu neman shiga Libiya. Yau su ne mafi yawan baƙin zangon, kuma sun fi Turawan da buƙatar a kula da su, domin galibinsu ba su san hamada ba, ba su kuma da halin tambayar direba ko motarsa tana da lafiya.

Ruwa ne farkon abin dubawa. A kasuwar garin ana sayar da jarkoki naɗe da buhun algarara, a jiƙa shi don ruwan ya yi sanyi, kowa ya rubuta sunansa a jikin tasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna ruwa da kwanakin tafiya idan komai ya tafi daidai. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a ɗauki ninkin wannan, a kuma raba shi a mazubi da yawa, domin jarka ɗaya na iya fashewa a kan duwatsu. Direban da ya rage ruwa don ya ƙara fasinja ya riga ya jefa rayukan mutane cikin haɗari tun bai tayar da mota ba.

Sai motar kanta. Bakaniken kirki yana duba lagireto da bel da tiyon ruwa, ya tace man da aka sayo a bakin hanya, don ƙasa ko ruwa a cikin mai kan tsayar da mota a inda babu mai taimako. Ana tafiya da tayar safaya biyu, da shebur, da farantan ƙarfe da ake sa wa taya idan ta nutse, da famfo, tunda dole a rage iska a rairayi mai laushi a mayar da ita a kan tsandauri. Kuma mota ɗaya ba ta shiga hamadar Tenere ita kaɗai. Wannan ba ya buƙatar gardama.

Na uku shi ne a san da fitar mutum. An saba motocin Dirku su tashi a jere ranar Litinin da rakiyar sojoji. Bayan dokar 2015 da ta haramta jigilar bakin haure, direbobi da dama suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'an tsaro, suna bin hanyoyin da ba wanda zai bi sawunsu. A 2017 mutum 44, har da yara, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Kafin nan, a Oktoban 2013, an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara. Da yawansu sun watse ne neman ruwa. Idan mota ta tsaya, zama kusa da ita a ƙarƙashin inuwa ya fi, domin masu nema sun fi saurin hango mota da mutum.

An soke waccan doka a Nuwamban 2023, don haka hujjar ɓuya ta ragu ƙwarai. Ya kamata shugabannin tasha da ƙungiyoyin direbobi su riƙe littafi mai sunan direba, da lambar mota, da yawan fasinja, da ranar da ake sa ran isarsa, su kuma hana fita ga duk motar da ba a duba ruwanta da injinta ba, ko ta wace ce.