Idan 'ya'yan mesa suna mutuwa a ƙwai ko suna fita da tawaya

Ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gidajen Amurka da Turai ɗan yankinmu ne: ƙaramar mesar nan marar dafi da ke dunƙulewa idan ta tsorata. Daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da ita da yawa, sannan masu kiwo a can su hayayyafa ta saboda launin fatarta. Uwa takan saka ƙwai 4 zuwa 8, su ƙyanƙyashe bayan kwana 55 zuwa 60. Kukan masu kiwon bai wuce ɗa ya mutu cikin ɓawo ba, ko ya fito da karkataccen ƙashin baya. Sukan ce ƙaddara ce, amma akasarin wannan asara daga hannunsu take fitowa.

Ka fara duba iyayen tun kafin barbara, domin wasu launukan da ake rububi tare da cuta suke tafe. Nau'in Spider yana gadar da jiri: kai na rawa, maciji na kasa saita abincinsa. Haɗa Spider da Spider, ko Champagne da Champagne, yana ba da wasu 'ya'yan da ba sa rayuwa. Caramel Albino kuwa ya yi suna da lanƙwasar ƙashin baya. Ba na ganin kyawun fata ya isa hujjar haifar da dabbar da za ta ƙare rayuwarta cikin wahala. Macen ma kada a gaggauta ta. A bari ta kai kamar shekara 3 da nauyin giram 1,500.

Sai zafi. Ƙwan yana son digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Selsiyos, ba hawa ba sauka. Zafin da ya wuce kima, musamman a makonnin farko da jiki ke haɗuwa, yana karkata ƙashi ko ya kashe ɗan tayi. Kada ka dogara da ma'aunin jikin injin ƙyanƙyasa kaɗai, ka sa wani a gefen ƙwan, kuma ka kunna injin mako guda kafin uwa ta saka. Mai kiwo a ƙasashenmu ya sani cewa a watan Afrilu ɗaki kaɗai na iya wuce wannan zafi, don haka sanyayawa zai nema, ba ɗumamawa ba. Iska ta kasance da laima sosai, amma kada ruwa ya ɗiga a kan ɓawo.

Kaza tana jujjuya ƙwanta, na maciji kuwa ba a juya shi, saboda ɗan tayi yana manne ta sama. Yi wa ƙwan alama da fensir, ka ajiye shi yadda ka same shi. Waɗanda suka manne da juna ka bar su haka. Haska tocila a jikin ƙwai: mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi, bara-gurbi kuwa ƙarami ne, rawaya.

Ranar ƙyanƙyasa ce gaggawa ta fi yin ɓarna. Ɗan yakan tsaga ɓawo da ɗan haƙorinsa, ya leƙo, ya zauna ciki kwana ɗaya ko biyu yana shanye gwaiduwa ta cibiya. Wanda ya jawo shi waje zai iya tsinka cibiyar. Idan za ka yanka ƙwai, ka jira sai na farko ya tsaga da kansa, ka yi 'yar ƙaramar kafa ta sama, ka kauce wa jijiyoyi.

Wanda ya fito da 'yar lanƙwasa a wutsiya yakan rayu lafiya, sai dai kada a hayayyafa shi. Ka jira ya yi saɓar farko, bayan mako ɗaya ko biyu, kafin ka ba shi ɗan ɓera. Idan lanƙwasar ta hana shi haɗiya ko kashi, kai shi wurin likitan dabbobi ya raba shi da wahalar ba tare da azaba ba. Ka rubuta iyayen da suka haife shi da zafin da ƙwan ya sha, idan abin ya maimaitu kada ka sake haɗa su.