Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Darasi a Kan Daidaita Aiki da Sa Ido

A ƙauyukan da muke zagawa, da wuya mu tarar da ikilisiyar da ba ta da kwamiti uku ko huɗu. Akwai na rijiya, da na rumbun hatsi, da na gini, ga adashen zumuntar mata, ga gonar matasa. Yawancin waɗanda ake zaɓa mutanen kirki ne masu ƙwazo. Duk da haka sai aiki ya tsaya a tsakiya, kuɗi ya ƙare, a shiga kallon juna. Idan muka bi sawu, sau da yawa ba ma samun ɓarawo ko rago. Abu biyu ne muke tarar babu: daidaita aiki, da sa ido a kan aiki. Su ne darasinmu na wannan karo.

Asalin wannan koyarwa

Wani injiniya ɗan ƙasar Faransa mai suna Henri Fayol, wanda aka haifa a 1841, ya fara aiki a ramin haƙar kwal na Commentry a 1860, yana ɗan shekara 19. A 1888 aka ba shi shugabancin kamfanin gaba ɗaya, a lokacin kamfanin yana dab da durƙushewa. Ya riƙe shi shekara 30, har 1918, ya bar shi tsaye da ƙafafunsa. A 1916 ya rubuta abin da ya koya. Ya kasa aikin shugaba kashi biyar: yin shiri tun da wuri, raba aiki da kayan aiki, ba da umarni, daidaita aiki, da sa ido.

Uku na farko mun saba da su. Muna zama mu yi shiri, mu zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, a faɗa wa kowa aikinsa. Biyun ƙarshe ne muke mantawa, kuma a nan ayyukanmu suke mutuwa.

1. Daidaita aiki

Daidaita aiki shi ne a sa kowane ɓangare na aiki ya haɗu da ɗan'uwansa a lokacin da ya dace, gwargwadon yadda ake bukata. Kowa a cikinmu ya san gayya. Kafin ranar, mai gona ya sanar da mutane, mata sun san yawan bakin da za su ciyar, an san wanda zai kawo ruwa, an san kunyar da za a fara. Idan manoma suka zo ranar Talata, abinci ya zo ranar Laraba, kowa ya yi aikinsa, amma gayya ta lalace.

Mun ga irin wannan da idonmu a wani ƙauye da muka taimaka da aikin rijiya. Mai sayen kaya ya ji siminti zai yi tsada, ya yi sauri ya saya tun kaka. Ya yi tunani mai kyau. Matasan da aka ɗora wa tara yashi da tsakuwa suna jiran a ce musu su fara, ba wanda ya ce. Maginin da aka yi magana da shi ya ga shiru, ya karɓi wani aiki a gari. Kafin a haɗa kan mutanen nan uku ruwan sama ya sauka, kowa ya koma gona. Ɗakin ajiya yana yoyo, simintin ya sha danshi ya zama dutse. Mata suka ƙara shekara guda suna tafiya rafi. Har mu ma muna da laifi, domin mun ba da kuɗi ba mu tambayi ranar da kowane abu zai iso ba. Ita rijiya a ƙarshen rani ake haƙa ta, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai. Da an sa wannan rana a gaba an ƙirgo baya, da kowa ya san lokacinsa.

Ga alamun da za su nuna muku babu daidaito a ƙungiya:

a) Wani kwamiti bai san abin da ɗayan yake yi ba.
b) An sa taro biyu ko karo-karon kuɗi biyu a mako ɗaya, a kan mutane ɗaya.
c) Kaya suna jiran ma'aikata, ko ma'aikata suna jiran kaya.
d) Kowa yana cewa, "Ni dai na yi nawa."

Fayol ya ba da magani biyu masu sauƙi. Na ɗaya, shugabannin sassa su riƙa zama tare sau ɗaya a mako, kowa ya faɗi inda ya kai, da abin da ya tare shi, da abin da yake bukata daga ɗan'uwansa. Na biyu, idan mutum biyu daga sassa dabam suna da magana a tsakaninsu, su yi ta kai tsaye da yardar shugabanninsu, daga baya su sanar da su abin da suka shirya. Ba sai magana ta hau sama ta sauko ba. A wurinmu, rabin awa bayan an tashi daga majami'a ya isa. A kafa takarda a bango, a rubuta aiki, da sunan mai yi, da ranar gamawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ko hannu goma ne, sai an ɗaga a tare.

2. Sa ido

Sa ido shi ne a duba ko abin da ake yi ya yi daidai da abin da aka shirya, domin a gane kuskure a gyara, kada a maimaita shi. Yana da mataki huɗu.

Mataki na 1: A sa ma'auni tun farko. Buhu nawa za a saya, a kan nawa, za a ajiye zuwa wane wata, wa ke da izinin fitarwa. A rubuta.
Mataki na 2: A je a auna abin da yake akwai. A ƙirga da hannu, a gani da ido.
Mataki na 3: A gwada abin da aka samu da abin da ke cikin littafi.
Mataki na 4: A gyara.

Bari mu yi misali. A ce kwamitin rumbu ya sayi buhu 60 na masara da kaka, lokacin da hatsi yake da araha, domin a sayar wa jama'a da sauƙi a tsakiyar damina. Littafi ya nuna an sayar da 12, an ba da bashin 8. Ke nan ya kamata a sami 40. Aka ƙirga, aka sami 37. Kada a fara da tambayar wa ya sata. A fara da tambayar ina ukun suke. Mai yiwuwa an ba wani mai rashin lafiya a gida cikin dare ba a rubuta ba. Mai yiwuwa ɓera ya fasa buhu aka juye a wani. Idan an ƙirga a watan da abin ya faru, za a tuna. Idan sai bayan wata bakwai, ba mai tunawa, sai zato da gunaguni.

Sa ido bai tsaya a kan lissafi kaɗai ba, har da lafiyar kayan. Da yawa cikinku kuna ajiye wake da masara a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. Aikinsa shi ne hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Idan ledar ciki ta huje, amfaninsa ya tafi, alhali daga nesa buhun yana nan lafiya. Mai dubawa ya zagaya buhunan, ya duba ɗaurin baki da alamar ɓera, ya tabbata suna kan katako, ba a ƙasa ba.

Domin sa ido ya yi amfani, Fayol ya nuna sharuɗɗa uku. Ya zo a kan lokaci, tun gyara yana yiwuwa. Mai dubawa ya san aikin, kuma kada ya zama yana ƙarƙashin wanda yake dubawa. Ƙanin ma'aji ko surukinsa ba zai iya buɗe baki ba. Sa'an nan abin da aka gano a yi wani abu a kai, a yaba wa wanda ya yi daidai, a gyara wa wanda ya kauce. Ya kuma yi gargaɗi kada mai dubawa ya karɓe aikin ya zama shugaba na biyu. Nasa shi ne ya gani ya kawo rahoto.

Me ya sa muke jin nauyin yin haka?

Mun sha jin ana cewa, "Baba dattijo ne, yaya za mu ce ya kawo littafi?" Ko kuwa, "Mama ta riƙe kuɗin nan shekara goma, yanzu ne za mu nuna ba mu yarda da ita ba?" Wannan kunya tana da kyakkyawan tushe, amma ku duba inda take kai mu. Ranar da aka ce kuɗi bai cika ba, mutumin kirkin nan ba shi da rasit, ba shi da shaida, ba wanda ya taɓa ƙirgawa tare da shi. Da me zai wanke kansa? Mun ga ma'ajin da ta ajiye aiki da hawaye, gidaje biyu suka daina gaisawa, ƙungiyar ta watse, kuma har yau ba wanda ya tabbatar an ci ko kwabo. Mutanen da suka ƙi duba littafinta don girmamawa, su ne suka bar ta ba mai kāre ta.

Ai ba sabon abu ba ne a wurinmu. Baiko ba mutum ɗaya yake ƙirga shi ba, kuma ba wanda yake jin an zage shi. Abin da muke roƙo shi ne a kai wannan hali cikin kowane kwamiti. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da za ku fara yi a wannan wata

1. Shugabannin kwamitoci su sa ranar zama tare, su riƙe ta.
2. Kuɗi ya shiga asusun banki da sunan ƙungiya, da sa hannun mutum biyu ko uku. Saƙon banki ya riƙa shiga wayar mutum fiye da ɗaya idan zai yiwu.
3. Mai riƙe kuɗi dabam, mai rubutawa dabam.
4. Rumbu ya zama da kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu.
5. A zaɓi masu dubawa biyu, mace da namiji, waɗanda ba 'yan kwamitin ba ne. Su ƙirga kowane wata.
6. A karanta rahoto da ƙarfi a gaban jama'a bayan kowane wata uku, domin wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane aiki ne ya tsaya a ƙauyenku? Rashin daidaito ne ya tsayar da shi, ko rashin sa ido?
2. Yaushe aka ƙirga kayan ƙungiyarku na ƙarshe, kuma su wa suka ƙirga?
3. Idan aka zargi ma'ajinku gobe, wace shaida kuka tanadar masa?
4. Da waɗanne kalmomi za ku roƙi dattijo ya kawo littafi ba tare da ya ji an raina shi ba?

Ku karanta wannan darasi tare a taronku na gaba, ku rubuta amsoshinku. Idan muka zo zagaye za mu zauna mu duba su da ku. Ku huta lafiya.