Hukuncin Musun Bashin Da Ba A Tabbatar Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a wannan zamani akwai kamfanoni masu ajiye tarihin bashin mutane, waɗanda bankuna ke duba rahotonsu kafin su ba da rance. A Nijeriya dokar 2017 ce ke tafiyar da su, su ne CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Ya kan faru mutum ya tarar an rubuta masa bashin da bai sani ba, ko wanda ya riga ya biya, har a miƙa shi ga masu karɓo bashi. To, shin musun irin wannan bashi cin hakki ne?

Amsa ita ce, asalin mutum a Shari'a kuɓutacce ne daga kowane hakki, sai an tabbatar da shi a kansa. Saboda haka ne aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Ayar ta ɗora shiftar takardar a kan wanda ake bi, domin rubutun ya zama da saninsa da yardarsa. Ashe kuwa rubutun da ɓangare ɗaya ya yi shi kaɗai da'awa ce, bai zama hujja ba tukuna.

Hadisin Ibnu Abbas, na 33 cikin Arba'una ta Imam Nawawi, ya aza kawo hujja a wuyan mai da'awa, rantsuwa kuwa a kan mai musu. Malaman Malikiyya sun ƙara tsaurarawa. A cikin Risala, Ibnu Abi Zaid ya bayyana cewa ba a ma rantsar da mai musu sai an tabbatar da cuɗanya tsakaninsu ko dalilin zargi. Hikimar ita ce kada kowane maƙaryaci ya riƙa jan mutanen kirki gaban alƙali.

Dokokin zamani ma sun bi wannan turba. A Amurka dokar 1977 ta ba mutum kwana 30 daga samun sanarwa ya nemi hujja a rubuce, kuma dole mai karɓo bashin ya dakata har ya kawo ta. Dokar 1970 kuwa ta wajabta wa kamfanin ajiye tarihi ya bincika ƙorafi, galibi cikin kwana 30, ya share abin da ya kasa tabbata. Dokar Nijeriya ita ma ta ba mutum ikon ganin rahotonsa da ƙalubalantar kuskure a ciki.

Abin da ya kamaci wanda wannan ya sama shi ne ya rubuta takarda ga mai da'awar da kuma kamfanin, ya nemi sunan mai bashin na asali, da adadi, da ranar da aka ci, da takardar da ya sa wa hannu. Ya adana kwafin kome, tare da rasit in ya taɓa biya. Kada tsoro ko barazana su sa ya amsa abin da bai sani ba, domin iƙirari hujja ce a kan mai yinsa.

Amma fa wannan hakki na mai gaskiya ne. Wanda ya san a ransa ya ci bashin, ɓatar takardar mai shi ba ta wanke shi ba. Share sunansa daga kundin kamfani bai share shi daga littafin ayyuka ba. Ya tabbata a hadisi cewa jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne, kuma ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. Rantsuwar ƙarya don cin dukiyar wani kuwa tana cikin manyan zunubai. In ya san asalin bashin amma aka yi masa ƙari, sai ya amsa abin da ya sani, ya musa ragowar.

Shi ma mai bin bashi ya ji tsoron Allah, domin ɓata sunan mutum ba da hujja ba keta mutunci ne, mutuncin Musulmi kuwa haramun ne kamar jininsa da dukiyarsa.

Allah Shi ne Mafi sani.