Duwatsu Goma Sha Biyu Da Takarda Guda

Karatu: Joshuwa 4:1-9, 19-24, Maimaitawar Shari'a 6:4-9

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun, Ubangiji ya umarci Joshuwa ya zaɓi mutum goma sha biyu, ɗaya daga kowace kabila. Kowa ya saɓa dutse daga tsakiyar kogin, aka kafa su a Gilgal. Dalilin kuwa saboda yara ne. Wata rana yaro zai ga duwatsun, ya tambayi ma'anarsu, mahaifinsa kuma ya sami zarafin faɗa masa abin da Allah ya yi. Gani ya kori ji.

Wannan darasi naku ne musamman, 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai ku Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, kuna zaune a unguwar Sersuf da kewayenta. A can Lahadi ranar aiki ce, gama hutun mako Jumma'a da Asabar ne. Makarantun gwamnati da Larabci suke koyarwa. Ba zumuntar mata a kusa, ba malamin Makarantar Lahadi kamar yadda kuka saba a Maraɗi ko Kano. In ba ku koya wa ɗanku karatun Hausa ba, wa zai koya masa? In kuwa bai iya ba, Littafi Mai Tsarki da kuka ɗauko daga gida zai zama rufaffe a gare shi.

Kada ku ce ba ku da littattafan yara. Joshuwa ma abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya ɗauka. A garin nan da kuke, Charles de Foucauld ya zauna daga 1905 har aka kashe shi a 1916, da alƙalami da takarda kuwa ya tattara kalmomin Buzaye, suka zama babban ƙamus. Ga abin da ku ma za ku iya yi:

Na ɗaya, katin baƙaƙe. Ku yanka kwalin shayi ko na taliya, ku rubuta baƙi ɗaya a kan kowanne. Ku ware ɓ, ɗ, ƙ daga b, d, k, domin yaro ya ji bambancin “kafa” da “ƙafa”.

Na biyu, aya a yanke. Ku rubuta gajeriyar aya da manyan baƙaƙe, ku yanke ta kalma kalma, ku gauraya, yaro ya jera. Kafin ya jera sau uku, ya haddace.

Na uku, zane da ƙirge. Ku zana duwatsu goma sha biyu, ya shafa musu launi, ya rubuta 1 zuwa 12 a kansu. Lissafi ke nan da labarin Urdun a takarda guda.

In kuna da waya, ku shirya shafin a ciki, a buga muku a shagon kwamfuta, ko a yi fotokwafi na wanda kuka rubuta da hannu. In lanƙwasar baƙaƙen ba ta fito ba, ku ƙara ta da biro. Ku ajiye na asali cikin leda saboda ƙura, ƙannensa za su more shi. Ku kuma yi hikima: dokar ƙasar ta 2006 ta hana rarraba takardun da ke neman juya Musulmi daga addininsa. Waɗannan na cikin gida ne, domin 'ya'yanku.

Amma ku lura, dutse ba ya magana. Uba ne ya amsa tambayar ɗansa a Gilgal. Kada ku miƙa wa yaro takarda don ya bar ku ku huta. Ku zauna tare da shi a tabarma, ko da minti goma ne bayan tuwon dare. In ya yi tambaya, kada ku kwatse shi, gama tambayar nan ce ake nema. Musa ya ce a riƙa koya wa yara maganar Allah a zaune da a tafe, da kwanciya da tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin tunani: In ɗanku ya tambaye ku yau abin da Ubangiji ya yi muku a hanyar hamada, me za ku faɗa masa?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu haƙuri da hikima mu koya wa 'ya'yanmu maganarka a baƙuwar ƙasa, domin su san ka, su kuma dogara gare ka. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.