Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Tsara Yawon Buɗe Ido Na Yini Ɗaya A Jos

A ranar 5 ga watan Yuli na shekarar 1841, wani Bature mai suna Thomas Cook ya yi shatar jirgin ƙasa a Ingila, ya kwashi mutane kimanin 500 daga garin Leicester zuwa Loughborough, ya kuma dawo da su a ranar, kowa a kan sule ɗaya. Daga wannan tafiya ce akan ɗauko tarihin sana'ar shirya wa jama'a yawon buɗe ido. Abin da Cook ya gane, wanda har yau shi ne ginshiƙin sana'ar, shi ne mutane za su biya kuɗi domin wani ya ɗauke musu wahalar neman mota da abinci da sanin hanya. Darasinmu na wannan karo zai duba yadda ɗan kasuwa mai matsakaicin jari zai yi irin wannan a birnin Jos, inda ake iya haɗa daji da bakin ruwa da dutse a cikin yini guda.

Abin da Jos ta mallaka

Jos tana bisa tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa iskarta ta fi ta Kano ko Abuja sanyi. Wannan sanyi shi ne jarin farko, kuma babu wanda ya biya ko kwabo kafin ya same shi.

Ta fuskar daji, akwai Gandun Namun Daji na Jos da ke kan hanyar Miango, wanda aka kafa a shekarar 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8. Ta fuskar ruwa kuwa, tarihin haƙar kuza ne ya bar wa garin gado. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta haƙa a Naraguta da Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. Sana'ar ta daɗe tana ja da baya kafin farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, kuma manyan ramukan da aka bari suka cika da ruwa suka zama tafkuna. Tafkin wurin shaƙatawa na Rayfield, wanda aka san shi da yawon kwalekwale, ɗaya ne daga cikinsu. Daga gabashin gari kuma ga madatsar ruwa ta Lamingo, sai duwatsun Shere, kimanin kilomita 10 daga gari, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829.

A garuruwan bakin teku, tsarin da aka saba sayarwa shi ne daji da gaɓar ruwa da tsibiri. Mai zuwa Badagry a Jihar Legas yakan tsallaka ruwa zuwa tsibirin Gberefu, mai zuwa Dakar ta Senegal kuma yakan hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Gore. Jos ba ta da irin waɗannan, don haka kada ɗan kasuwa ya tallata abin da ba shi da shi. Sai dai ya tambayi kansa: me baƙo yake nema a tsibiri? Yana neman daɗin hawa ruwa ne, da kuma wurin da zai keɓe daga hayaniya ya hango gari daga nesa. Kwalekwalen Rayfield zai ba shi na farko, duwatsun Shere kuma su ba shi na biyu.

Mataki na farko: rabon lokaci

Kayan sayarwar mai wannan sana'a lokaci ne. Daga ƙarfe 7.30 na safe zuwa 5.30 na yamma awa 10 ke nan, kuma duk awar da aka ɓata cikin mota an rage ta daga abin da baƙo ya biya. Shawarar da za mu bayar ita ce kada zaman mota ya wuce kashi ɗaya bisa uku na yinin, kuma kada zangon ya wuce uku.

A nan ne kwaɗayi yakan kayar da sabon shiga. Zai ce ai sai an ga mafaɗar ruwa ta Assop, wadda ke gindin Hawan Kibo a kan hanyar Abuja, mai kurmi a kewayenta. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma tazararsa daga Jos kimanin kilomita 64 ce, wato zuwa da dawowa kilomita 128, abin da zai cinye fiye da awa biyu. Haka ma Kurra da ke Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi, inda kamfanin NESCO ya daɗe yana samar da wutar lantarki daga ruwa. Waɗannan kowanne tafiya ce mai zaman kanta, a sayar da ita daban. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ga fasalin da zai yi daidai da cikin gari. A taru da ƙarfe 7, a tashi 7.30. A shiga daji da safe, lokacin da tsuntsaye da dabbobi suka fi motsi kuma rana ba ta yi zafi ba, a fito wajen 10.30. Daga nan a wuce Rayfield, a yi yawon kwalekwale kafin cin abinci, a ci abinci a yi sallar Azahar a bakin ruwa. Da misalin ƙarfe 2 a nufi Shere ta hanyar Lamingo, a hau iyakar inda mafi rauni a cikin ayarin zai iya kaiwa, a yi La'asar, a sauko a koma gari da sauran rana. A kowane zango a ware minti 15 na ko-ta-kwana, domin tara mutum 16 cikin mota ba ya yiwuwa a minti biyu. Lokacin buɗe ƙofa da kuɗin shiga suna canzawa, don haka wajibi ne mai shiri ya taka da ƙafarsa ya tabbatar kafin ya buga talla. Ya kuma duba irin dabbobin da ke gandun a lokacin, kada ya yi wa yara alkawarin dabbar da ba za su gani ba.

Zaɓen rana ma yana da muhimmanci. Jos gari ne na Musulmi da Kirista, Juma'a da Lahadi kowacce tana da masu ita, saboda haka Asabar da ranakun hutu su ne kasuwa. Damina takan fara daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma sau da yawa hadari da rana ko yamma yake haɗowa. Hawa dutse a lokacin tsawa ganganci ne. A irin wannan rana sai a musanya Shere da Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda aka ajiye sassaƙen yumɓu na Nok. A Disamba da Janairu kuwa hazo yana rufe hange daga kan dutse, ga sanyin safiya mai ratsa ƙashi, sai a gargaɗi baƙi su zo da rigunan sanyi. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba sun fi dacewa, domin ciyawa ba ta gama bushewa ba kuma tafkuna a cike suke.

Mataki na biyu: lissafin kujera

Kuɗin da ake kashewa iri biyu ne. Akwai tsayayyen kuɗi, wanda za a biya ko mutum biyu ne suka zo ko mota ta cika. Akwai kuma kuɗin kai, wanda yake ƙaruwa da kowane baƙo. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai na koyon lissafi, kowa ya sa na kasuwar ranar da zai yi aiki.

A ce an yi shatar bas mai kujera 18, an ware biyu domin ɗan jagora da mataimakinsa, saura 16 na sayarwa. Shatar mota da mai naira 120,000, ɗan jagora 20,000, mataimaki 10,000, shatar kwalekwale 30,000, talla da waya 20,000. Tsayayyen kuɗi ya kama naira 200,000. Kowane baƙo kuma zai ci naira 3,000 na shiga wurare da 5,000 na abinci da ruwan sha, jimla 8,000.

Idan aka sayar da kujera a kan naira 25,000, abin da ya rage bayan an cire kuɗin kai shi ne 17,000. A raba 200,000 da 17,000, za a ga sai an sami mutum 12 kafin a mayar da uwar kuɗi. Idan mota ta cika, ribar naira 72,000 ce. Idan mutum 10 ne suka zo, an yi asarar 30,000.

To, yanzu a ce ɗan kasuwa ya ga ciniki ya yi sanyi, ya rage farashi zuwa naira 20,000. Ragin kashi 20 cikin 100 ne kawai, amma abin da ke saura a kan kowace kujera ya koma 12,000. Kujera 16 za su kawo 192,000, wato ko mota ta cika maƙil zai faɗi da naira 8,000. Wannan shi ne ramin da yake cinye masu sabuwar sana'a: suna ganin mota cike suna murna, alhali uwar kuɗi ce take zagwanyewa.

Darasin da ke ciki guda uku ne. Na ɗaya, a san adadin mayar da uwar kuɗi kafin a yanke farashi. Na biyu, a karɓi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, a kuma rubuta a takardar yarjejeniya cewa idan mutane ba su kai 12 ba kwana biyu kafin tafiya, za a ɗage ko a mayar wa kowa kuɗinsa. Na uku, a nemi cinikin ƙungiya, kamar makarantu da ƙungiyoyin ma'aikata da mahalarta tarurruka a otal-otal da 'yan hidimar ƙasa, domin sa hannun mutum ɗaya yana cika mota. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota yana iya sauyawa cikin ɗan lokaci, saboda haka kada a tsayar da farashi na tsawon watanni ba tare da sharaɗin sake dubawa ba.

Mataki na uku: tsaron rai

A bakin ruwa ne sana'ar take iya mutuwa a rana ɗaya. Tafkin kuza ba kogi ba ne mai gangare a hankali. Rami ne da injin ya haƙa, gefensa a tsaye, ruwansa mai zurfi da sanyi, ƙasansa taɓo, kuma an sha rasa rayuka a irin waɗannan tafkuna a Filato. Dokar mai shiri ta zama ɗaya: babu wanka, babu iyo, komai gwanintar baƙo. Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa kafin ya taka kwalekwale, har da masu girman jiki da ƙananan yara, waɗanda sai an nemo musu daidai su. Kada a ɗora fiye da adadin da kwalekwalen yake ɗauka, gara a yi sawu biyu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta daɗe tana nanata sa wannan riga da hana tafiyar dare a kan ruwa. Madatsar Lamingo kuwa ta ruwan shan gari ce, a tsaya a kalla, kada a shiga ba da izinin hukumar ruwa ba.

Batun tsaro ma ba a ɓoye shi. Jos ta ga rikice-rikice a 2001 da 2008 da 2010, kuma wasu yankunan karkara na jihar sun ci gaba da fuskantar hare-hare a shekarun da suka biyo baya. Mai shiri ya tuntuɓi jami'an tsaro da masu unguwa kwana ɗaya kafin tafiya, ya dawo da baƙinsa kafin magariba, kuma idan labari bai yi daɗi ba ya soke tafiyar ya mayar da kuɗi. Asarar yini ɗaya tana da magani. A wajen Shere, ya ɗauki ɗan jagora na biyu daga mutanen yankin, wanda ya san hanyoyin dutsen da wuraren da al'ada ta hana shiga. Kuɗin da aka ba shi shi ne yake sa mutanen gari su ɗauki ayarin a matsayin baƙinsu.

Mataki na huɗu: takardu da jagora

A yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, domin makaranta ko ma'aikata ba za ta zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya ba. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ba da lasisin otal-otal da makamantansu hurumin jihohi ne, don haka a fara tuntuɓar ma'aikatar yawon buɗe ido ta Jihar Filato. A duba lasisin direba da inshorar mota da tayoyi, a riƙe akwatin taimakon gaggawa da jerin sunayen baƙi da lambar wayar dangin kowa. Idan ɗalibai ne, sai da rubutaccen izinin iyaye da rakiyar malamai.

Shi kuma ɗan jagora, shi ne bambancin wannan tafiya da haya ta tasha. Ya kamata ya iya Hausa da Turanci, ya san yadda kuza ta tara Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Ibo da Yarbawa a gari ɗaya, ya iya ba da labarin kowane tafki ba tare da ƙari ba, ya kuma kiyaye harshensa daga abin da zai sosa ran wani ɓangare. A abinci ma a nuna na gida, kamar dankalin Turawa da acca da gwate, domin baƙo ya ɗanɗana abin da ba zai samu a garinsu ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ɗan kasuwa ya karɓi kuɗin kowa, ya ɗauki agogo da littafi ya bi hanyar nan da kansa ranar wata Asabar, ya rubuta mintin da kowane zango ya ci da nairar da ya kashe. A kan waɗannan alƙaluma ne zai gina farashinsa.